ARNOLD THEILER (1867–1936): LIKITAN DA YA LEƘA CIKIN JININ DOKI

Gabatarwa

Doki dabba ce mai daraja a ƙasar Borno tun zamanin da. Da shi Mai Idris Alooma ya yi yaƙe-yaƙensa a ƙarni na 16, kuma mahayan dawaki sanye da sulke ne suka tarbi Turawan nan, Denham da Clapperton, lokacin da suka iso Kukawa a shekarar 1823. Wanda ya taɓa ganin hawan salla a ƙofar fadar Shehun Borno a Maiduguri ba ya bukatar a gaya masa matsayin doki a wurin mutanenmu. Sai dai duk ƙarfin doki da kwarjininsa, akwai wata 'yar ƙaramar halitta da take iya kayar da shi, wato kaska, wadda Hausawa suke yi wa kirari da raɓi mai jini. Ba shan jini kaɗai take yi ba. Tana zuba wa doki wasu ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani, su shiga cikin jajayen ƙwayoyin jininsa su riƙa farfasa su.

Ɗaya daga cikin waɗannan ƙwayoyin cuta sunanta Theileria equi. Ɗaliban Tsangayar Likitancin Dabbobi ta Jami'ar Maiduguri sun saba da wannan suna, amma da yawa daga cikinmu ba mu san cewa sunan mutum ne a ciki ba. Wannan maƙala za ta kawo tarihin mutumin, wato Arnold Theiler, da irin gudummawar da ya bayar, da kuma dalilin da ya sa har yau ake bin dawaki ana ɗibar jininsu don a gwada.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Arnold Theiler ranar 26 ga watan Maris, 1867, a wani ƙaramin gari mai suna Frick a ƙasar Suwizalan. Mahaifinsa malamin makaranta ne da yake koyar da kimiyya, saboda haka ya tashi a gidan da ake sha'awar tsirrai da dabbobi. Ya yi karatun likitancin dabbobi a biranen Bern da Zurich, ya kammala a shekarar 1889. Ya buɗe wurin aikinsa a wani gari mai suna Beromunster, amma kasuwa ba ta yi masa kyau ba. Da ya ji labarin cewa a ƙasar Transvaal, wadda a yau take cikin Afirka ta Kudu, cututtuka suna ta kashe dabbobi kuma babu likitoci, sai ya haɗa kayansa ya shiga jirgin ruwa a shekarar 1891.

Da ya isa, bai tarar da abin da ya yi zato ba. Manoman ƙasar, Turawa 'yan asalin Holan da ake kira Bowa, ba su ga amfanin biyan likitan dabbobi ba, domin kowa yana ganin ya fi kowa sanin dabbarsa. Dole ta sa ya kama aikin ƙwadago a wata babbar gona da ke Irene, kusa da birnin Piritoriya. A nan ne injin datsa harawa ya guntule masa hannun hagu. Ga shi baƙo, ga talauci, ga shi sana'arsa ta hannu ce. Wani da ya tattara ya koma gida, amma shi ya zauna.

Hausawa na cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A shekarar 1893 budurwarsa Emma Jegge ta biyo shi daga Suwizalan suka yi aure, ta kuwa zame masa hannu na biyu a ayyukan bincike na farkon rayuwarsa. A wannan shekara ce cutar agana ta ɓarke a birnin Johanasbag, inda ake haƙar zinariya. Theiler ya karɓi aikin haɗa ruwan allurar rigakafi daga jikin maruƙa, aikin ya yi kyau, daga nan hukuma ta fara sanin sunansa.

Annobar Bushiya

Abin da ya fito da shi sarari shi ne annobar bushiya. Wannan cuta ta shigo gabashin Afirka a shekarar 1887 ta tashar jirgin ruwa ta Massawa, tare da shanun da sojojin Italiya suka shigo da su. Cikin 'yan shekaru ta ratsa nahiyar, ta iso yankin Tafkin Chadi da ƙasar Hausa, ta bar Fulani da Shuwa da yawa ba ko saniya ɗaya. A shekarar 1896 ta tsallake kogin Zambezi ta nufi kudu. Shugaban Transvaal, Paul Kruger, ya tura Theiler zuwa Bulawayo ya gano ko wace cuta ce. Ya tabbatar bushiya ce, kuma a shekarar aka naɗa shi likitan dabbobi na gwamnati.

Shi da abokin aikinsa Herbert Watkins-Pitchford suka gwada yi wa shanu allura da ruwan jinin waɗanda suka warke. A daidai lokacin, mashahurin masanin nan na Jamus, Robert Koch, yana garin Kimberley yana gwada tasa dabarar da ruwan matsarmama. Daga baya hanyar ruwan jini ce ta fi karɓuwa. Duk da haka annobar ta kashe shanu fiye da miliyan 2 a kudancin Afirka. Ya kamata a ambata cewa ba Turawa kaɗai suka yi wannan yaƙi ba. Jotello Soga, ɗan ƙabilar Xhosa wanda ya kammala karatu a Edinburgh a 1886, shi ne ɗan Afirka ta Kudu na farko da ya zama likitan dabbobi, kuma ya yi aiki tuƙuru a kan bushiya a yankin Cape. Ita kuwa bushiya, sai a shekarar 2011 aka bayyana cewa an kawar da ita daga doron ƙasa.

A shekarar 1898 gwamnati ta gina wa Theiler ɗan ƙaramin ɗakin bincike a Daspoort, a gefen Piritoriya. A nan ne ya mayar da hankalinsa kan doki.

Maleriyar Doki

Domin a fahimci aikinsa, sai an san inda ilimi ya tsaya a lokacin. A 1880 likitan sojan Faransa, Alphonse Laveran, ya ga ƙwayar cutar maleriya a cikin jinin mutum a ƙasar Aljeriya. A 1888 Victor Babeş na Romaniya ya ga wasu ƙwayoyi a cikin jinin shanu masu fitsarin jini, waɗanda daga baya aka sa wa suna Babesia. A 1893 kuma Theobald Smith da Fred Kilborne na Amurka suka tabbatar cewa kaska ce take yaɗa irin wannan cuta a tsakanin shanu. Wannan shi ne karo na farko da aka tabbatar cewa ƙwaro mai shan jini yana ɗaukar cuta daga wata dabba zuwa wata.

A Afirka ta Kudu akwai wani zazzaɓi da ya daɗe yana kashe dawaki. Doki zai daina cin abinci, jikinsa ya yi zafi, ya yi laushi, cikin idonsa da dasashinsa su yi fari sannan su koma ruwan ɗorawa kamar mai shawara, fitsarinsa ya yi duhu, wani lokaci ƙafafunsa su kumbura. Mutane sun riƙa rikita shi da ciwon saifa da wasu cututtuka. Da Yaƙin Bowa ya ɓarke a 1899, Theiler ya yi aikin likitan dawaki a rundunar igwa ta Bowa. Bayan Ingilishi sun ci Piritoriya a 1900, sai suka bar shi ya koma ɗakin bincikensa, domin su ma suna bukatarsa. Sun shigo da dawaki daga Ingila da Ajantina da Ostareliya da Amurka, kuma fiye da 300,000 suka mutu musu a yaƙin saboda yunwa da wahala da cututtuka. Wannan asara ta ba shi damar ganin marasa lafiya iri-iri.

Hanyarsa mai sauƙi ce amma tana bukatar haƙuri. Zai ɗebi ɗigon jini, ya shimfiɗa shi a kan ɗan gilashi, ya rina shi, ya sa a ƙarƙashin madubin likita. A jinin dawaki masu wancan zazzaɓi ya riƙa ganin wasu ƙananan halittu zaune a cikin jajayen ƙwayoyin jini. Ya aika wa Laveran samfurin a Faris, shi kuma ya sa musu suna Piroplasma equi a shekarar 1901. A shekarar ce Jami'ar Bern ta ba Theiler digirin digirgir a kan kundin da ya rubuta da Jamusanci, wanda ma'anar sunansa ita ce Maleriyar Doki.

Bai tsaya a nan ba. Gwaje-gwajensa sun nuna abubuwa guda biyu masu muhimmanci. Na farko, kaska ce take ɗaukar cutar, musamman wata mai jajayen ƙafafu da ake kira Rhipicephalus evertsi, wadda take son maƙalewa a ƙarƙashin wutsiya, 'ya'yanta kuma a cikin kunne. Na biyu, dokin da ya warke ba lallai ne ya rabu da cutar ba. Idan aka ɗebi jininsa aka yi wa baƙon doki allura, baƙon sai ya kwanta. Wato doki yana iya zama lafiya lau a ido, yana ci yana sukuwa, alhali yana ɗauke da cutar a jininsa. Wannan batu na biyu shi ne tushen duk wani binciken jini da ake yi wa dawaki a yau.

Daga baya masana biyu a Jami'ar Cambridge, Nuttall da Strickland, suka gano cewa ƙwayoyin cuta iri biyu ne suke kawo zazzaɓin. Babbar, wadda ake ganin ta bibbiyu a haɗe, ita ce Babesia caballi. Ƙaramar, wadda takan jeru hurhuɗu kamar alamar tarawa a lissafi, ita ce ta Theiler. An yi ta sauya mata suna, har a 1998 masanan Jamus biyu, Mehlhorn da Schein, suka mayar da ita Theileria equi, domin an gano tana fara hayayyafa a cikin fararen ƙwayoyin jini kafin ta shiga jajaye.

Onderstepoort

A shekarar 1902 wata sabuwar cutar shanu ta shigo Transvaal daga gaɓar tekun gabashin Afirka, tana kashe kusan duk saniyar da ta kama. Masana da yawa sun ɗauka fitsarin jini ne ya yi tsanani. Theiler ya nuna cuta ce dabam, ya sa wa ƙwayarta suna a 1904, abokin aikinsa Charles Lounsbury kuma ya gano kaskar da take ɗaukar ta. A 1907 wasu masanan Fotugal suka ƙirƙiri sunan Theileria domin girmama shi. A 1910 ya bayyana wata ƙwayar cutar shanu mai suna Anaplasma marginale, wadda ita ma kaska take yaɗawa, kuma tana nan a garkunan Nijeriya.

Wurin da yake aiki a Daspoort ya yi kaɗan, ga shi ba shi da tsafta. Da taimakon Janar Louis Botha, wanda shi ma manomi ne, aka gina sabuwar cibiya a Onderstepoort, arewa da Piritoriya, aka buɗe ta a 1908. Ta zama ɗaya daga cikin manyan cibiyoyin binciken cututtukan dabbobi na duniya, shekara 16 kafin a kafa tamu ta Vom a ƙasar Filato a 1924. A 1914 Sarkin Ingila ya ba shi lambar girma ta Sir.

Ba kullum ake kwana a gado ba. Akwai wata annobar dawaki ta Afirka wadda ƙananan ƙudaje masu cizo suke yaɗawa, kuma Theiler ya yi shekaru yana neman rigakafinta. Dabarar da ya samo ita ce a yi wa dabba allurar ƙwayar cutar tare da ruwan jinin wadda ta warke. Dabarar ta ceci alfadarai da dawaki masu yawa, amma sai aka lura wasu dawakin da aka yi wa allurar suna kamuwa da mummunan ciwon hanta bayan wata ɗaya zuwa uku, su riƙa tangaɗi, su mutu. Bai ɓoye ba. Shi da kansa ya rubuta bayanin ciwon a ƙarshen Yaƙin Duniya na Farko, shi ya sa har yau ake kiran sa cutar Theiler. Sai a 2018 aka gano ƙwayar bairos ɗin da ake dangantawa da shi.

Wani aikinsa da ya yi suna shi ne na shekarar 1919, a wata gona mai suna Armoedsvlakte. Shanun yankin suna shanyewa suna mutuwa, an rasa dalili. Ya zauna a gonar yana lura da su, sai ya ga suna tauna ƙasusuwan mushe. Bincike ya nuna ƙasar wurin ba ta da sinadarin fosfaras, shi ya sa shanun suke kwaɗayin ƙashi, a cikin ruɓaɓɓen mushen kuma akwai guba. Maganin ya zama a kwashe mushe daga makiyaya, a riƙa ba shanu garin ƙashi mai tsafta. A 1920 aka buɗe tsangayar koyar da likitancin dabbobi a Onderstepoort, shi ne shugabanta na farko.

Iyalinsa da Mutuwarsa

An san Theiler da tsananin son aiki da tsare gida. Ba ya wasa da lokaci, ba ya kuma ragawa wanda ya yi sakaci, abin da ya sa ya sha samun saɓani da ma'aikata da jami'an gwamnati. Ya yi ritaya a 1927, ya koma Turai ya ci gaba da bincike a kan cututtukan ƙashi. Ya mutu a birnin Landan ranar 24 ga watan Yuli, 1936, yana da shekara 69. An kafa mutum-mutuminsa a Onderstepoort.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ya bar 'ya'ya huɗu: Hans, Margaret, Gertrud da Max. Hans ya zama likitan dabbobi. Gertrud ta ƙare rayuwarta tana nazarin kaskar Afirka, ire-irenta da wuraren da ake samun kowace iri, har ta mutu a 1986. Auta Max shi ne ya haɗa allurar rigakafin cutar shawara a Amurka, daga ƙwayar cutar da aka samu a jinin wani mutumin Gana a 1927, ya kuma samu kyautar Nobel a 1951. Irin wannan allura ce ake yi wa matafiyanmu a ba su katin ɗorawa.

Gadon da ya Bari ga Masu Dawaki

Yau idan likitocin dabbobi suka fita binciken dawaki, a barga ta sarauta ko filin folo ko kasuwa, sukan duba lafiyar doki, su ɗebi jini daga jijiyar wuyansa, su tsinci kaskar da ke jikinsa domin a san irinta. A ɗakin gwaji akwai matakai uku. Na farko shi ne na zamanin Theiler, wato shimfiɗa jini a gilashi a rina shi da rinin Giemsa a duba. Yana da arha kuma yana kama cutar a jikin dokin da ke kwance, amma yakan kasa ganin ta a jikin mai ɗauke da ita a ɓoye, domin ƙwayoyin sun yi ƙaranci. Na biyu shi ne gwajin ELISA, wanda yake neman alamar cewa garkuwar jikin doki ta taɓa karo da cutar. Na uku shi ne gwajin PCR, wanda yake neman ƙwayar halittar cutar kanta, ko da kaɗan ce. Saboda haka idan bincike biyu suka ba da adadi mabambanta a gari ɗaya, abin da za a fara tambaya shi ne wane gwaji kowanne ya yi amfani da shi. Masu bincike a Maiduguri da Zariya da Vom sun tabbatar da samuwar waɗannan ƙwayoyi a dawakin arewacin Nijeriya. Wata sabuwa ma da aka bayyana a 2018, mai suna Theileria haneyi, an same ta a dawakin ƙasar nan.

Mai karatu zai iya tambaya, mene ne amfanin gwada dokin da yake lafiya? Amsa ita ce, Theileria equi takan zauna a jikin doki har ƙarshen rayuwarsa, ita kuwa Babesia caballi takan ɗauki 'yan shekaru. Irin wannan doki rumbun cuta ne, duk kaskar da ta sha jininsa tana iya kai wa na kusa da shi. Idan aka wahalar da shi da doguwar tafiya ko sukuwa ko yunwa, ciwon yana iya tasowa. Goɗiya mai ɗauke da ita tana iya yin ɓari ko ta haifi dukushi marar lafiya. Allura ɗaya da aka yi wa dawaki da yawa da ita ma tana yaɗa cutar ko babu kaska. Baƙon dokin da aka sayo da tsada daga inda babu cutar shi ya fi shiga haɗari, kamar yadda ya faru da dawakin Ingilishi a Yaƙin Bowa. Bugu da ƙari, ƙasashe irin su Amurka da Ostareliya da Japan ba sa barin doki ya shiga sai an gwada jininsa, har ma batun ya jawo muhawara kafin wasannin Olamfik na Atlanta a 1996.

Har yau babu allurar rigakafin wannan cuta a kasuwa. Akwai magunguna irin su imidocarb da diminazene, amma suna da ƙarfi, suna iya jawo wa doki ciwon ciki ko su taɓa hanta da ƙoda, jaki kuma ya fi doki saurin jin illarsu. Saboda haka likita ne ya kamata ya auna ya bayar. A wurin da cutar ta zama ruwan dare, likitoci sukan fi mayar da hankali ga warkar da dokin da ya kwanta, domin ɗan abin da ya rage a jini yana ba shi kariya daga sabon kamu. Abin da ya rage wa mai doki shi ne duba kunne da ƙarƙashin wutsiya da matsematsi a kai a kai, musamman da damina, tsaftace turke, ware baƙon doki na ɗan lokaci, da amfani da sabuwar allura ga kowane doki.

Kammalawa

A taƙaice, mun ga yadda ɗan malamin makaranta daga Suwizalan ya zo Afirka neman abinci, ya rasa hannu, amma ya bar ilimin da makiyayi da mai doki suke amfana da shi fiye da shekara 100 bayan haka. Darasin da ke cikin rayuwarsa ga ɗalibi shi ne haƙuri da lura, da kuma faɗin gaskiya ko da sakamakon bincike bai yi wa mai shi daɗi ba. Mu ɗaliban Hausa kuma akwai aiki a gabanmu. Yawancin masu kula da dawaki a Maiduguri da Hausa da Kanuri suke magana, sakamakon bincike kuwa da Turanci ake buga shi. Idan muka haɗa kai da 'yan'uwanmu na likitancin dabbobi muka tattara sunayen cututtukan doki da ire-iren kaska a harsunanmu, muka fassara musu abin da gwajin jini ya nuna, to ilimin zai isa bargar da ake bukatarsa. Rigakafi dai ya fi magani.